AGOGON JINI: TARIHIN ƊAN INJIN DA YA YI ZAMANI A HANNUN IYAYENMU

 

A watan Satumba na 2021 aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da tamu Sabuwa, da Faskari, da Ƙanƙara, da Ɗandume. A daidai wannan lokaci kuma aka dakatar da sana'ar cajin waya. Wutar lantarki dama ba a maganarta. Ba a yi kwana uku ba wayata ta mutu, na wayi gari ban san ƙarfe nawa ba, sai dai in ji kiran sallah in yi kirdado.

Inna ce ta gaji da jin ina tambayar mutane lokaci. Ta shiga ɗaki, ta ciro wani ƙullin tsumma daga ƙasan adaka ta miƙo mini. Agogon marigayi Baba ne, Seiko 5, gilashinsa duk ya karce, shekara bakwai rabon da wani ya ɗaura shi. Na ce mata ai batirinsa ya daɗe da mutuwa. Ta ce, "Wane batir? Girgiza shi, haka Malam yake yi." Na girgiza shi kamar sau ashirin, sai ga tsinken sakan ya motsa. Da dare na saita shi da shirin BBC Hausa na ƙarfe takwas da rabi. Yana yin latti da kusan minti biyar a yini, amma da shi na yi amfani har aka buɗe layi.

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan ɗan inji, kuma abin da na tsinto nake so mu raba yau. Mu marubuta mun saba rubuta "ya duba agogon hannunsa" mu wuce. Wane agogo? A wace shekara? Ina ya samo shi? Agogo shaida ne. Yana faɗin zamanin da labari ya faru, da ƙarfin aljihun mai shi, da inda ƙafarsa ta taka.

KAFIN AGOGO YA ZO

Bahaushe bai jira agogo ba kafin ya san lokaci. Yana da asuba, da hantsi, da walaha, da rana tsaka, da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da magariba, da lisha, da sulusin dare. Ladani kan tsaya a rana ya auna inuwarsa da tafin ƙafa, domin littattafan fiƙihu sun nuna cewa la'asar na shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da 'yar inuwar da ta rage lokacin da rana ta karkata. Manomi yana lura da kaza da 'ya'yanta a sama, matafiyi yana jiran fitowar gamzaki ya ɗaura kaya. A 1824, da Baturen nan Hugh Clapperton ya isa Sakkwato ya nuna wa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kayan awon taurarinsa, ya tarar Sarkin ya san buruji da taurari da sunayensu na Larabci.

Sai dai wannan lokaci ne mai faɗi. Idan an ce a haɗu bayan la'asar, babu wanda zai ce ka makara da minti biyar, domin minti ɗin ma babu shi.

Kalmomin da muke faɗin lokaci da su sun riƙe mana tarihin sauyin. "Agogo" daga Yarbanci muka aro ta, inda asalin ma'anarta ƙararrawa. "Ƙarfe" tamu ce, kuma ta tuna mana da ƙarfen da ake bugawa a bariki da makaranta da wurin aiki don sanar da awa, bugu biyu ƙarfe biyu, bugu uku ƙarfe uku. "Sa'a" da "daƙiƙa" daga Larabci, "awa" da "minti" da "sakan" daga Ingilishi. Duk wanda ya ce, "Agogona ya nuna ƙarfe biyu da minti goma, saura sa'a guda," ya haɗa harsuna huɗu a jimla ɗaya bai sani ba.

JIRGIN ƘASA BA YA JIRAN BAYAN LA'ASAR

Abin da ya tilasta wa kakanninmu sanin minti shi ne dogo. Layin Baro ya isa Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Kamfanin auduga na BCGA ya kafa injin gurza a Funtuwa, kuma audugar ƙasarmu ta Kudancin Katsina can take ƙarewa kafin ta hau jirgi. Jirgi yana da jadawali, inji yana da lokacin tashi, ma'aikaci yana da lokacin shiga. A ranar 1 ga Satumba 1919 aka tsayar wa Najeriya baki ɗaya agogo guda, awa ɗaya gaba da agogon GMT, kuma a kansa muke har gobe.

Shi ya sa waɗanda suka fara mallakar agogo a wajenmu su ne masu hulɗa da wannan sabon tsari: ma'aikatan jirgi, akawu, malaman makaranta, malaman auduga, sai sarakuna da manyan attajirai. Talaka kuwa yana jin bugun ƙarfe daga nesa ya ci gaba da bin rana.

Rediyo ne ya shigo da minti har cikin zaure. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna a 1962. Mai agogo kan jira mai gabatarwa ya faɗi ƙarfe kaza agogon GMT, wato ƙarfe kaza agogon Najeriya da Nijar, sai ya ja ɗan kunnen agogonsa ya gyara. Agogon wani yakan yi gaggawa ko latti kaɗan kowace rana, don haka shi da rediyo suka zama abokan tafiya.

ME KE CIKIN CIKINSA?

Agogon wani, wato wanda ake murɗa wa kunne kowace safiya, ba shi da batir ko kaɗan. Idan ka buɗe bayansa za ka ga abubuwa huɗu ne ke aikin.

Na farko babban sifirin, siririn ƙarfe mai tsawo da aka naɗe cikin wata 'yar ganga. Duk murɗawar da ka yi, ƙara matse shi kake yi, shi kuma yana neman warwarewa. Ƙarfin agogon ke nan gaba ɗaya. Na biyu jerin 'yan faya-fayai masu haƙora, wannan na tura wancan, su ke kai ƙarfin zuwa hannuwan agogo. Da a ce iyakar abin ke nan, da sifirin ya warware cikin ƙiftawa, hannuwa su yi ta juyi kamar fanka. Saboda haka aka sa na uku, wani ɗan ƙarfe mai kama da cokali mai yatsu biyu, wanda ke tare faifan ƙarshe ya sake shi, haƙori ɗaya bayan ɗaya. Na huɗu shi ne wanda masu gyara ke kira balans, wani ɗan zobe da ke kaiwa da komowa a kan sifirin siriri kamar gashi. Shi ke ba cokalin umarnin lokacin da zai buɗe da lokacin da zai rufe.

Ku ɗauke shi kamar mai awo a kasuwar Ɗandume. Buhu cike yake, amma ba a zazzage shi lokaci guda, tiya ɗaya-ɗaya ake fitarwa, kowace daidai da 'yar uwarta. Ƙarar nan ta tik-tik da kuke ji idan kun kara agogo a kunne, ƙarar awon ce.

Yawancin tsofaffin agogo suna bugawa sau 18,000 a awa, wato sau biyar a sakan. Irin na Baba sau 21,600 yake yi, sau shida a sakan, sau 518,400 a yini, sama da sau miliyan 189 a shekara. Da wannan ya ci kirarinsa na agogo sarkin aiki. Yini guda sakan 86,400 ne, don haka agogon da ya yi kuskuren sakan 30 a yini, kashi ɗaya cikin 2,880 kawai ya ɓata.

Ba mutum ɗaya ya ƙera wannan ba, kuma ba a shekara ɗaya ba. Agogo mai sifirin ya bayyana a Turai a ƙarni na 15, kuma a farkon ƙarni na 16 maƙera irin su Peter Henlein na birnin Nuremberg a Jamus suka riƙa yin ƙanana da ake iya yawo da su. Hannu ɗaya suke da shi, na awa, domin kuskurensu ya fi ƙarfin a yi maganar minti. A 1675 Christiaan Huygens na ƙasar Holan ya fito da sifirin nan mai kama da gashi, daga nan agogon aljihu ya fara faɗin gaskiya. Wajen 1755 Thomas Mudge na Ingila ya ƙirƙiro cokalin mai yatsu biyu, wanda har yau shi ke cikin kusan kowane agogon wani.

Sauran duwatsu. Za ku ga an rubuta "17 Jewels" ko "21 Jewels" a fuskar agogo. 'Yan jajayen duwatsu ne da ake dasawa a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe don kada ya cinye. Tun 1704 aka yi wa dabarar rajista a Landan, a lokacin da yaƙutu na gaske ake yi. A 1902 Auguste Verneuil na Faransa ya bayyana hanyar haɗa yaƙutu a masana'anta, sai ya yi arha. Don haka wanda ya fasa agogon gado yana neman dukiya a cikin duwatsun nan ya yi asara biyu, ba agogo ba kuɗi.

DAGA ALJIHU ZUWA HANNU

Shekaru aru-aru agogon namiji a aljihu yake, da sarƙarsa. Na hannu adon mata ne. A 1810 aka ba Abraham-Louis Breguet aikin ƙera wa Sarauniyar Naples, ƙanwar Napoleon, agogon da ake ɗaurawa a hannu. A 1904 Louis Cartier ya yi wa abokinsa matuƙin jirgin sama Alberto Santos-Dumont wani, domin mai riƙe da sitiyari ba shi da hannun laluben aljihu. Amma Yaƙin Duniya na Ɗaya, 1914 zuwa 1918, shi ya sauya ra'ayin maza. Hafsan da aka ce ya fita daga rami da sojojinsa ƙarfe kaza da minti kaza yana bukatar ganin lokaci da kallo ɗaya. Da aka gama yaƙi sojoji suka koma gida da agogo a hannu, babu mai iya ce musu sun yi adon mata.

Daga nan gyare-gyare suka biyo baya. A 1923 John Harwood na Ingila ya nemi rajistar agogon hannu mai yi wa kansa wani. A 1926 Rolex ya fitar da Oyster wanda ruwa da ƙura ba sa shiga, a 1931 kuma ya sa masa wani ƙarfe mai siffar rabin wata da ke juyawa a bayan inji. A 1934 aka samu Incabloc, 'yar dabarar da ke kare tsinken balans idan agogo ya faɗi.

Wannan rabin watan shi ne asalin abin da mutanenmu ke kira agogon jini. Kun sha ji ana cewa da jinin mutum yake aiki, ko da bugun jijiyarsa, kuma idan mai shi ya mutu shi ma sai ya tsaya. Jini bai shiga ciki ba. Duk motsin da hannu ya yi, noma ne ko alwala ko gaisawa, rabin watan na lilo, lilon kuma na matse sifirin. Idan an cire agogon an ajiye, zai ci gaba da cin abin da ya tara na awa arba'in ko fiye da haka kaɗan, sannan ya yi shiru.

Sai dai ku dubi maganar da kyau, mutanenmu ba su yi nisa da gaskiya ba. Ranar da Baba ya rasu, an cire masa agogo kafin wanka an ajiye a kan taga. Inna ta ce ya kwana yana bugawa, ya yini, ya sake kwana, ana ta karɓar gaisuwa a waje. Kafin sadakar uku ya tsaya. Motsin hannun Baba na ƙarshe ne agogon ya yi ta kashewa har ya ƙare. Ban taɓa karanta wannan a wani littafin Hausa ba, alhali ya faru a gidaje da yawa.

TSARABAR MAKKA DA KUƊIN UDOJI

A zamanin Turawa da farkon 'yancin kai, mai son agogo mai kyau sai ya dangana da manyan kantuna na Kano ko Kaduna, irin su Kingsway da Leventis da UTC, wanda shi asalinsa ma kamfanin Suwizalan ne. Shekarun 1970 ne suka kai agogo ƙauye. An sauya kuɗi zuwa naira a 1973, ga kuɗin mai, ga ƙarin albashin Udoji da ya biyo bayan rahoton 1974, wanda ya sa ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen rediyo da babur da agogo. Aikin hajji ta jirgin sama ya yawaita, har alhazan Najeriya suka haura dubu ɗari a 1977. Alhaji kan dawo da zamzam da dabino da tasbaha da darduma, ga haƙorin Makka a baki, ga agogo a hannu.

Kasuwannin Makka da Madina da Jidda cike suke da agogo iri-iri. Akwai West End, kamfanin da tun 1886 yake ƙera agogo a Suwizalan don kasuwar Bombay ta Indiya, daga can ya bazu ƙasashen Larabawa. Akwai Rado, wanda samfurinsa DiaStar na 1962 aka yi jikinsa da wani ƙarfe mai tauri da ba ya karcewa da sauƙi, shi ne na masu hannu da shuni. Akwai Citizen, da Orient mai taurari uku. Amma na kowa da kowa shi ne Seiko 5.

Kamfanin Seiko na Japan ya fara fitar da shi a 1963. Lambar biyar ɗin alƙawura biyar ce: yana yi wa kansa wani, yana nuna rana da kwanan wata a taga ɗaya, yana jure ruwa, kunnensa a ɓoye yake wajen ƙarfe huɗu don kada ya maƙale, jikinsa da sarƙarsa kuma masu ƙwari ne. Ga manomi da direba da ɗan kasuwa, wannan ya isa. Akwai kuma wani abu da ya ƙara masa farin jini a wajenmu. Waɗanda aka yi don kasuwar Larabawa suna nuna ranakun mako da rubutun Larabci, kuma sunayen ranakunmu daga can suke, Lahadi, Litinin, Talata har zuwa Asabar. Dattijon da bai taɓa shiga aji ba amma ya yi karatun allo yana iya karanta tagar agogonsa ba tare da ya tambayi kowa ba.

DA BATIR YA SHIGO

Ranar 25 ga Disamba 1969, Seiko ɗin nan dai ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai batir da ɗan dutsen kwaz da aka sa a kasuwa. Kuɗinsa yen 450,000, kusan kuɗin ƙaramar mota a Japan a lokacin. Cikin shekara goma farashin irinsa ya faɗi warwas. A agogon batir na yau dutsen yana karkarwa sau 32,768 a sakan, don haka kuskuren da agogon wani ke yi a yini, shi sai ya yi wata bai yi ba.

Masana'antar Suwizalan ta sha kashi. Ma'aikatanta sun kai kusan 90,000 a 1970, zuwa tsakiyar shekarun 1980 sun koma wajen 30,000. Kamfanoni da yawa suka rufe, wasu suka zubar da injinansu a matsayin tarkace. A kamfanin Zenith, masu shi na lokacin suka ba da umarni a daina ƙera injin wani a rabu da kayan aikinsa, har da na El Primero, injin da suka fitar a 1969 mai bugu 36,000 a awa. Wani ma'aikaci mai suna Charles Vermot ya rubuta takarda yana roƙo a bari, ba a saurare shi ba. Sai ya riƙa kwashe kayan a ɓoye yana kai su wani ɗaki a saman masana'antar, ya yi wa kowanne lamba, ya rubuta yadda ake aiki da shi. Bayan kusan shekara goma kasuwa ta juyo, aka nemi kayan, ya fito da su. Daga 1988 Rolex da kansa ya riƙa sayen wannan inji yana sa wa samfurinsa Daytona. A Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sa sana'ar ƙera agogon wani cikin gadon al'adun duniya da ya kamata a kiyaye.

A wajenmu batir ya shigo da Casio da 'yan uwansa masu lambobi da ƙara, daga baya na China masu arha suka cika faranti a kasuwa. Da wayar hannu ta zo daga 2001, ita ta ƙarasa aikin. Mai gyaran agogo da ke zaune bakin kasuwa da ɗan akwatinsa na gilashi ya koma canza batir da rage sarƙa, ɗansa kuma ya koma gyaran waya.

ABIN DA YA SA HAR YANZU AKE SON SA

Da hanya ta ɗan lafa na kai agogon Baba Funtuwa, wurin wani dattijo da aka yi mini kwatance. Ya maƙala madubi a ido, ya buɗe bayan, ya daɗe yana kallo. Na ce, "Baba, zai gyaru kuwa?" Ya ce, "Ɗana, ba abin da ya lalace. Mai ne ya bushe, ƙura ta samu wurin zama." Da hantsaki da ɗan sukundireba ya warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle, ya wanke, ya ɗiga mai da bakin tsinke, ya mayar. Ya taɓa wani ɗan hannu kusa da balans, lattin minti biyar ya koma ƙasa da minti ɗaya. Na tambaye shi ko yana da yaron da yake koya wa. Ya ce na ƙarshe ya tafi acaɓa shekaru da suka wuce.

A nan na gane sirrin. An ƙera agogon wani ne da niyyar a buɗe shi. Kowane ɓangare da sukurori aka ɗaure shi, ana iya cirewa, a wanke, a musanya. Agogon batir mai arha idan ya mutu sai bola, waya kuwa shekara biyar ta tsufa. Wannan ya haura shekara arba'in, kuma abin da yake nema kawai hannu mai motsi da mai gyara mai ido. Hannun muna da shi. Mai gyaran ne ke ƙarewa, kuma ba mu da Vermot da zai rubuta abin da ya sani kafin ya tafi, sai in mu marubuta mun je mun zauna gabansa da littafi.

Dattijon ne kuma ya nuna mini yadda ake karanta bayan Seiko. Akwai lamba mai kashi biyu, huɗun farko sunan injin ne. Na Baba 6309 ne, wanda aka ƙera daga 1976 zuwa ƙarshen shekarun 1980. Akwai kuma wata doguwar lamba, wadda alƙalaminta na farko ke nuna ƙarshen shekara, na biyu kuma wata. Tamu ta fara da 74, wato Afrilu na shekara mai ƙarewa da bakwai. Ko 1977 ko 1987. Na koma gida na tambayi Inna, ta ce Malam ya sauke farali tana da cikin Yaya babba. 1977 ke nan, hajjin watan Nuwamba. An ƙera shi a Afrilu, ya hau hannun Baba bayan wata bakwai. Daga wannan tambaya ɗaya Inna ta ba ni labarin audugar da aka sayar da bijimin da aka haɗa aka biya kujera, labarin da ban taɓa ji ba.

Ga wanda zai je neman irinsa, a kula. Akwai tsofaffin injina da ake sake wa fentin fuska a liƙa musu sunan babban kamfani, don haka a buɗe baya a gani kafin a biya. Waɗanda aka yi kafin shekarun 1960 masu lambobi masu haske da dare, wasunsu da sinadarin radiyam aka shafe su, kada a kankare ko a hura. Kada kuma a ajiye agogon wani a kan sifika ko kusa da maganaɗisu, gashin balans zai manne ya riƙa gudu.

GARE MU MARUBUTA

Idan labarinka a 1950 yake a wani ƙauyen Faskari, manominka ba shi da agogo, zai ce a haɗu da hantsi. Idan akawun auduga ne, yana da shi, kuma kowa a garin ya san yana da shi. Kada ka ɗaura wa jarumin 1960 Seiko 5, ba a haife shi ba tukuna. Kada agogon 1965 ya tsaya don batir ya ƙare, zai tsaya ne don mai shi ya manta bai yi masa wani ba, sai ka tambayi kanka abin da ya ɗauke masa hankali a safiyar. Alhajin 1977 da ke yawan naɗe hannun riga a majalisa, mai karatu zai gane dalili ba sai ka faɗa ba. Matar da ke girgiza agogon mijinta kowace safiya alhali shi yana hannun masu garkuwa, ba ta bukatar ka rubuta cewa tana cikin damuwa.

Aikin wannan mako ke nan. Kowa ya tambaya a gida ko akwai tsohon agogo a adaka ko a ƙasan akwati. A juya bayansa a kwafi abin da aka rubuta, a tambayi tsofaffi wa ya saye shi, a ina, da kuɗin me. Wanda garinsu ke da mai gyaran agogo ya je ya gaishe shi, ya tambayi sunan da yake kiran kowane ɓangare da shi, domin sunayen nan ba sa cikin ƙamus. Sai a rubuta shafi ɗaya a kawo mu karanta tare.

Na Baba yana hannuna yanzu da nake wannan rubutu, ya ce ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata. Allah ya jiƙan iyayenmu, ya zaunar da yankinmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.